Na Hagun Ba Ya Yi

A layin masu waya, in ka ce kana neman Mai Kunne ba wanda zai tambaye ka wane ne. Za a nuna maka wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da caja, shagon da in mutum biyu suka shiga sai na uku ya jira a waje. Iyafis yake sayarwa, abin nan na jin sauti da ake cusawa a kunne, da 'yan sifikun aljihu, da ƙananan akwatunan kiɗa masu cin memori. Kaya dai irin na kowa, dila ɗaya ke kawo wa layin gaba ɗaya. Abin da ya raba shi da sauran kunnensa ne, daga nan kuma sunan ya samo asali.

Mutum zai zo da iyafis biyu, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, ya ce, "Mai Kunne, wanne ya fi?" Sai ya goge robar da auduga, ya cusa a kunne, ya runtse ido, ya kunna waƙar gwajinsa. Waƙa ɗaya ce tun yana saurayi, ya san inda mawaƙin ke jan numfashi, ya san inda yatsan mai jita ke zamewa. Kafin a kai amshi ya cire.

"Wannan gangarsa ta kumbura ta danne murya, kamar mutum na magana cikin bargo. Wancan kuma samansa ya yi tsini, kafin ka isa gida kanka ya fara sarawa. In kiɗa kake so ɗauki na farko. In labarai za ka ji, ajiye su duka, zo in nuna maka wani."

Sauti a wurinsa hawa uku ne: ƙasa inda ganga take, tsakiya inda murya take, da sama inda ƙananan ƙararraki suke, irin su kacau-kacau da jan numfashin mawaƙi. Har mawaƙa da makaɗa na zuwa wurinsa neman monita, wato iyafis ɗin nan da ke shigewa can cikin ramin kunne ya toshe shi ruf, wayarsa ta zagaya ta baya, don mai waƙa ya ji muryar kansa a kan dandamali duk ihun jama'a. Abu ne mai tsada, ba a sayensa da ka, shi ya sa sai sun kawo masa ya sa baki. Yana ji da kansa a kan wannan, gaskiya, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Amma akwai abin da yake ɓoyewa. Mahaifinsa a injin yankan katako ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, injin kuwa ya cinye masa kunnuwa biyu tun kafin ya yi furfura. Mai Kunne ya tashi yana ganin yadda ake yi da kurma a cikin gidansa: a yi masa ihu kamar mai laifi, in bai ji ba a ce "bar shi kawai," a ci gaba da hira a gabansa kamar ba ya nan. Ya ga tsohon yana dariya inda ba a yi abin dariya ba, don kawai ya ga haƙoran mutane a waje. Ranar da aka zo gaya wa tsohon rasuwar ƙaninsa, sai da aka yi ta ɗaga murya har maƙwabta suka riga shi ji. Allah sarki. Wannan abu bai taɓa barin zuciyar Mai Kunne ba. Ko ɓarawo, ko gobara, ba ya tsoronsu kamar yadda yake tsoron ranar da za a nuna shi a ce a bar shi kawai.

To amma ɗan Adam! Mutumin da ke tsoron kurumta haka, zo ka ga yadda yake aiki. A ganinsa sabon iyafis ɗanye ne, sai an gasa shi da kiɗa na 'yan kwanaki kafin muryarsa ta nuna. Wasu a aljihun tebur suke barin nasu yana ta yi shi kaɗai. Shi kuwa a kunnensa yake gasawa, wai don ya ji daidai lokacin da ya nuna. Na hagu ya ware wa wannan, yana kiransa kunnen aiki. Na dama kunnen ciniki ne, a buɗe yake don masu saye. Daga buɗe shago har rufewa akwai abu a kunnen hagunsa, wani lokaci har gida yake tafiya da shi. In aka ɗauke wuta janaretocin layi suka tashi gaba ɗaya, sai ya ƙara sauti don ya rinjaye su.

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki, ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Baban Auta, daga nan fa nake jin abin da kake ji."

"Gimbiya, ke da kekenki, ni da kunnena."

Haka ya yi ta yi mata kunnen uwar shegu shekara da shekaru.

Abin ya fara ne da wani sabon kwalin kaya. Ya ɗauki na farko ya sa kunne biyu, ya kunna waƙarsa, sai ya ji gefen hagu ya yi sanyi, saman ya ɓace kamar an rufa masa tsumma. Ya ajiye shi gefe. Na biyu haka. Na uku ma haka. Ya tattara kwalin ya kira dilan da ke kawo musu kaya.

"Mutumina, kayan nan na hagun ba ya yi. Zo ka kwashe abinka."

Dila bai yi musu ba, wa zai ja da Mai Kunne? Maganar ta zaga layi kafin yamma, kowa ya fito da nasa ya mayar. Aka kawo wani kaya na wani kamfani dabam, shi ma na hagun ba ya yi. Sifikun aljihu kuwa duk lafiya yake jin su, don su a kan tebur ake ajiye su, kunnen dama na yi masa aikin bai sani ba. Sai ya shiga cewa masu yin iyafis sun lalace, ba su iya komai ba yanzu sai kwali mai sheƙi.

A karo na gaba Dila da kansa ya zo, fuska ba walwala.

"Mai Kunne, ina ganin girmanka, amma wallahi na ba mutane da yawa sun ji, kowa ya ce lafiya lau. Ko dai akwatin gwajin naka ne?"

Ya canza akwatin, ya canza memori, har waƙar da bai taɓa canzawa ba ya canza. Na hagun dai ba ya yi. A ranar ne wani zargi ya fara ɗarsuwa a ransa, ya danne shi da faɗa.

Ana haka wata mawaƙiya da ta saba da shi ta zo da monita kala biyu, tana da wasa a ƙarshen mako, tana so ya zaɓar mata. Ya ji na farko ya girgiza kai. Ya ji na biyu ya ja tsaki.

"Duka biyun na hagunsu ya yi rauni. Mayar musu."

Ta karɓa ta sa a nata kunnen, ta yi shiru tana gyaɗa kai, ta cire ta sa ɗayan.

"Kawu, ni fa daidai nake jin su, hagu da dama."

Mai gyaran wayar da ke maƙwabtaka da shi, wanda ake kira Injiniya, katako ɗaya ne tsakaninsu, ya leƙo yana dariya.

"Yaya, ko dai kunnen ne ya tsufa, mu kai shi gyara?"

Wasa ne, irin wanda suke yi kullum. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mai Kunne ya miƙe ya wanke Injiniya tas, ya ce yaushe aka haife shi, me ya sani ban da narka dalma da ɓata wa mutane waya. Layi ya yi cirko-cirko. Mawaƙiyar ta kwashe kayanta sumsum ta tafi. Shi kuwa ya koma ya zauna. Ya sani sarai ba fushi ba ne, tsoro ne tsagwaronsa.

Daga nan abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa dai a ce ya fara ganinsu. Wata safiya ya farka da kukan gyare a ɗaki, siriri, ba ya tsayawa. Ya ɗaga katifa, ya jawo keken ɗinki, ya zazzage kwandon ƙyallaye. Matarsa na tsaye tana kallonsa.

"Me kake nema?"

"Gyaren nan mana, ba ki ji?"

Ta kasa kunne, ta dube shi, ta girgiza kai. Ya fita tsakar gida, gyare ya biyo shi. Ya fita titi, yana nan. Ya toshe kunnen hagu da yatsa, sai kukan ya ƙaru. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya ya rasa abin da ya fito yi.

Ya lura ya daɗe da mayar da waya kunnen dama, bai san yaushe ba. Ya lura in ana hira yana karkata kai kamar kaza na kallon shaho. A shago ya fara ja da baya. In an kawo masa gwaji sai ya ce yau mura yake yi, a dawo gobe, in an matsa ya faɗi magana mai harshen damo, wannan ma ba laifi, wancan ma ba laifi. Mutumin da a da yake yanke hukunci kafin amshi! Masu saye suka fara duban juna.

Sai ranar babur. Yana tsallaka titin bakin kasuwa da hantsi, ya duba dama, ya sa ƙafa, sai ji ya yi an fizge shi, hannun babur ya yage masa riga daga hagu. Mai babur ya taka birki da ƙyar, ya juyo ido jajir.

"Kai kurma ne? Tun daga can nake maka hon!"

Mai Kunne bai rama ba, shi da ba a taɓa shi a kwana lafiya. Ya ja jiki ya zauna a bakin kwalbati. Mutane na ta yi masa barka da arziki, shi kuwa ba babur ɗin ne ya kaɗa masa hanta ba. Kalmar ce. Bai ji hon ɗin ba, ko alama.

Da ya koma gida matarsa ta ga rigar, ta karɓa ta duba yagar, ta ajiye a kan keke. Ta zo ta zauna a gabansa sosai, inda zai ga bakinta.

"Baban Auta, gobe za mu asibiti."

"Wa ya ce miki ba ni da lafiya? Dauda ce kawai, zan sa a wanke."

"Na ji. Wanzami dama ba ya son jarfa. Kai ka gwada na kowa, naka ne ba za a gwada ba." Ta yi ƙasa da murya, sai kuma ta tuna ta ɗaga. "Jiya Auta ta dawo daga makaranta ta gaishe ka ta gefen hagu, ta sake gaishe ka, ba ka ko waiwaya ba. Ta shigo tana tambayata ko wani laifi ta yi maka. Me zan ce mata?"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Ya ce, "Gimbiya, tsoro nake ji." Tunda suka yi aure ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

A asibiti aka leƙa kunnen da 'yar fitila aka ce ba dauda, fes yake. Shi da ya zo yana addu'ar a sami dauda! Aka tura shi wurin wata likitar kunne, matashiya, mai magana a hankali. Ta shigar da shi wani ɗan ɗaki mai kaurin ƙofa, bangonsa duk soso, da tagar gilashi a gaba. Ta ɗora masa babban hedifon, gefe ɗaya ja a dama, ɗaya shuɗi a hagu, ta ba shi wani maɓalli a hannu.

"Baba, duk lokacin da ka ji ƙara, komai ƙanƙantarta, ka danna."

Ta fita ta rufe ƙofa. Bai taɓa shiga shiru irin wannan ba, gyaren kunnensa ya samu fili ya yi ta tsala kuka. Ta gilashi yana ganinta zaune gaban na'ura.

Ta fara da dama. Ƙara ta zo, ya danna. Ta zo siririya, ya danna. Ta yi ƙasa can kamar sauro a ɗakin maƙwabci, ya danna. Ransa ya ɗan dawo, har sana'a ta motsa, ya ce a zuciyarsa hedifon ɗin nan ba laifi, tsakiyarsa a wanke take. Ta ɗaga hannu ta nuna masa hagu.

Ya ji wata mai kauri, ya danna. Ya ji wata, da ƙyar, ya danna. Daga nan shiru. Yana ganin yatsanta na motsi a kan na'ura, tana ɗago kai tana dubansa, tana sake taɓawa. Ya runtse ido kamar yadda yake yi a shago, ya tattara hankalinsa duka ya kai kunnen hagu. Ba komai sai gyare. Ya cire hedifon ɗin, ya jujjuya shi, ya ɗan bubbuga gefen shuɗin da yatsa, ya murza wayar daga gindi, sannan ya ƙwanƙwasa gilashi. Ta buɗe ƙofa.

"Likita, abin nan naku na hagun ba ya yi. Kar ki ga kamar raini, sana'ata ce. A kawo wani."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi musu ba.

"Na daman fa, Baba?"

"Na daman ƙalau yake. Shi kam na yaba."

Sai ta karɓi hedifon ɗin ta juya shi, ta ɗora masa jan a hagu, shuɗin a dama, ta fita ta ja ƙofa.

Kai jama'a! Wannan fa shi ne abu na farko da duk mai sayar da iyafis ya sani. In an ce gefe ɗaya ba ya yi, sai ka musanya, na hagu a dama, na dama a hagu. In raunin ya bi iyafis, kaya ne. In ya tsaya inda yake, kunne ne. Shi da kansa ya yi wa masu saye haka ba adadi, har yana tsokanarsu su je su wanke kunne. Amma duk watannin nan ya canza akwati, ya canza waƙa, ya mayar da kayan mutane, ya ci mutuncin maƙwabcinsa, wannan ɗaya ne kawai hannunsa ya ƙi yi, domin can ƙasan ransa ya san amsar.

Ta kunna jan, wanda ya yaba da bakinsa. Yana ganin yatsanta. Bai ji komai ba. Ta kunna shuɗin, wanda ya ce ya mutu, ƙara ta shigo kunnen damansa tsiii, tar da ita. Bai danna maɓallin ba. Ya riƙe shi kawai, hawaye na bin gemunsa.

Bayan sun fito ta yi musu bayani shi da matarsa, ta zauna ta damansa. Saman kunnen hagu ya tafi, da rabin tsakiyarsa, kuma irin wannan ba ya dawowa. Na dama ma an fara taɓa shi kaɗan daga sama, bai kai ya lura ba tukuna. In ya ci gaba da cusa masa ƙara yini guda cikin hayaniyar injuna, zai bi ɗan'uwansa.

"To sana'ata fa, Likita? Da kunne nake ci."

"Baba, ni ban san sana'arka ba, kunne na sani. Guda ɗaya ya rage maka."

Washegari ya buɗe shago kamar kullum, bai gaya wa kowa ba. Ya share, ya jera kaya, ya zauna kunnuwa biyu a buɗe, abin da layin bai taɓa gani ba. An ɗauke wuta, janaretoci na ta ruri, kowane ruri yana jinsa kamar ana gutsurar abin da ya rage masa. Injiniya na ciki yana aiki, tun ranar faɗan gaisuwa kawai ke haɗa su.

Can sai ga wani direban babbar mota, baƙo, ya ajiye iyafis biyu a kan tebur.

"An ce in zo wurin Mai Kunne. Tafiya ce da ni mai nisa, in na tsaya hutawa ina son abin da zai ɗebe mini kewa. Wanne ya fi?"

Hannun Mai Kunne bai yi shawara da shi ba. Ya ɗauki auduga ya goge robar, ya jona a akwati, ya ɗaga. Sai da robar ta taɓa bakin kunnensa na dama ya farga. Zuciya ta ce masa waƙa ɗaya ce, ko amshi ba za a kai ba, da kunne ɗaya ma ka fi duk layin nan, wa zai sani? In ya sa yau, gobe ma zai sa, ya san halinsa. In kuma bai sa ba, to wane ne shi a layin nan? Hannun ya tsaya a sama, direba na kallonsa.

Ya sauke, ya tura wa mutumin kayansa.

"Ɗan'uwa, ba zan iya gaya maka ba. Sa a naka ka zaɓa. Ni kunnena ya mutu. Kayan da na yi ta mayarwa lafiyarsu ƙalau, na hagun nawa ne ba ya yi."

Shi a zatonsa a hankali ya faɗa, tsakaninsa da baƙo. Bai san yadda muryarsa ke fita yanzu ba. Ya ga mai caja ya juyo baki buɗe, ya ga Injiniya ya fito bakin ƙofa da ƙarfen dalma a hannu yana hayaƙi, ya ga na tsallake sun daina abin da suke yi. A daidai nan aka kawo wuta, janaretoci suka mutu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa bai ga ƙwan fitilar da ya kama a bayansa ba.

Layi ya yi tsit. Bai sani ba ko mutane ne suka yi shiru, ko kuwa na daman ne shi ma ya tafi. Ya dafe bakin tebur da hannu biyu, ya karkata kai ya miƙa kunnen dama wajen ƙofa, yana roƙon Allah wani ya yi ko da tari ne.